Sunan Katafila

Shekara goma sha bakwai ina bisa wuyanta.
Na san tarinta na asuba, na san ƙishirwarta,
amma ban taɓa tambayar wa ya yanka mata rago ba,
balle wa ya raɗa mata suna.

Ran nan ruwa ya tsare mu a hanyar Bakura,
laka ta kai gwiwa, injiniya ya ce a kashe.
Muka fake a barandar firamare
inda Malam Jelani ke duba jarrabawa da jan biro.
Ya hangi rawayar dabbata tana jiƙewa a bakin kwalbati,
ya ce, "Sahabi, ka san a kan me kake zama?"
Na ce, "Tan ashirin na ƙarfe."
Ya ce, "A'a. Tsutsa."

Ya ɗauko ƙamus wanda gara ta ci bangonsa,
ya lashi yatsa, ya bi layi:
a bakin Bature katafila ita ce mai cin ganye,
gizaka, mai gashin nan da ke sa yaro susa.
Wai wani ne ya ga sarƙar ƙafarta tana tafiya,
tana naɗewa, tana miƙewa, ciki a ƙasa,
sai ya tuna da mai rarrafe a lambunsa.

Na yi dariya har na ƙware da goro.
Ni da yara ke bi a guje suna kirari,
ni da na tuge tsamiya uku kafin azahar,
ashe mahayin gizaka ne!

"Tsaya," in ji Malam, "rijiyar da sauran zurfi."
Can ƙasa, cikin ƙananan baƙaƙe,
Baturen ma aro ya yi wurin Faransawan dauri,
su kuwa da suka ga tsutsar, gashi tsaitsaye,
sai suka kira ta kyanwa mai gashi.
To, ga kyanwa a cikin tsutsa,
ga tsutsa a cikin ƙarfe,
ga sunan ya sauka a harshenmu ya miƙe ƙafa,
kamar rigar gwanjo da ta ga kafaɗu huɗu,
kowa na rantsuwa don shi aka ɗinka.

A ƙarshen baranda akwai Baba Mande,
yana murza igiyar rama a cinya.
Gonar wakensa ce a gaban fegi na arba'in,
tun Talata aka shafa wa kanyarsa jan fenti.
Bai ɗaga kai ba ya ce,
"Malam, littafinka bai yi ƙarya ba.
Bara ƙaramar ta cinye ganye, ta bar mini kara.
Bana babbar ta zo, har ƙasar za ta haɗa.
Kyanwar ma na gane ta:
da sanɗa ta shigo, da takarda, da murmushi,
sai da ta matso muka ga farce."

Ruwa na dukan kwano. Ba wanda ya tanka.
Na nemi inda zan ajiye idona,
ban samu ba sai kan makullin da ke hannuna.

Wata 'yar aji huɗu, Lubabatu, ta leƙo ta taga:
"Ai Malam ya ce in tsutsa ta ƙoshi takan kwanta,
ta naɗe kanta, ta fito da fiffike,
ta zama malam-buɗe-littafi."
Baba Mande ya ja igiyarsa, ya gwada ƙarfinta.
"To, Allah ya ƙosar da wannan,
mu ga ranar tashinta."

Da safe gari ya washe, na zo tayar da ita.
A bakin garmarta, kan laka mai ɗanye,
ga wata 'yar gizaka tana hawa a hankali,
ba ta san da sunanta ake rusa gari ba.
Na sa tsinke na ɗauke ta,
na rasa inda zan kai ta
sai kan ganyen waken Baba Mande.

Injiniya na ta ɗaga mini hannu daga nesa.
Na daɗe ban sa giya ba.